Yasohami da Dutse Mai Shan Ruwa

Har gobe in aka ɗebo ruwa a ƙoƙon kwakwa aka miƙo mini, sai na kau da kai. Ba laifin ƙoƙon ba ne. Kuma duk abin da mutanen Ulpatgama za su faɗa maka a shagon shayi, ba laifin Yasohami ba ne, ko da yake ita suka rataya wa jakar tsaba, ta tafi da ita har kabari.

Yasohami matar yayana Ukkubanda ce. An kawo ta daga wani ƙauye can hayin babban tafki tun ina 'yar budurwa, daga ranar nake ce mata Akka, wato yaya, ita kuma tana ce mini Nangi, wato ƙanwa. Gajeriya ce, baƙa, haƙoranta jajawur saboda taunar ganyen bulat, ga kaushi a dugaduganta da zai iya kankare ƙanzon tukunya. Girkinta sai a hankali, ko gishiri ya yi yawa ko ta manta da shi ɗungurungum. Amma in ana yankan tamba a gonar daji, maza biyu ba sa kamo ta. Ba ta da surutu, ba ta da ƙawa sai ni, ni ɗin ma don gida ya haɗa mu ne.

Ta daɗe ba ta haihu ba, har an fara yi mata habaici a wurin wanki, sannan ta sami 'ya mace, Ranmenika, yarinya mai ƙiriniya da shegen tambaya. Daga ita ba ta sake ba.

Shekarar da tafkin ya ƙafe har muka riƙa haƙa rami a tsakiyarsa muna jiran ruwa ya tsattsafo, zazzaɓi ya shigo gari ya kama Ranmenika, ko famfara ba ta yi ba. Mai maganin garinmu ya zo ya riƙe wuyan hannunta, ya ce ruwan sanyi shi ne abincin wannan zazzaɓin, kada a kuskura a ba ta ko ɗigo, sai dafaffiyar saiwa mai ɗaci, cokali da safe, cokali da yamma. Haka aka saba, ba wanda ya yi musu. Yasohami ta ɗauke tulu ta ɓoye shi bayan ƙofa. Ina wurin. Yarinyar tana cewa, "Amme, ruwa. Amme, ɗan kaɗan," ita kuwa uwar ta zauna a kan hannuwanta biyu don kada su ci amanarta. Da leɓe a tsattsage yarinyar ta cika.

Ranar sadakar bakwai, Hamuduruwo, sufin da ke riƙe da haikalin garinmu, ya zo ya ci abinci ya yi karatu. Aka kawo buta da ɗan kofi a kan faranti, a zuba ruwa har kofin ya tumbatsa, alamar ladan ya isa ga mamaci. Ukkubanda ne ya riƙe butar shi kaɗai, domin Yasohami tana ɗaki fuskarta a bango. Abu ɗaya ta faɗa mini a duk watan, wai 'yarta tana can tana yawo da ƙishi, kuma ita ce ta hana ta.

Kangon da ke kan dutsen bayan gari kuwa, a gabansa aka haife mu. Dandamalai ne na dutse bi-biyu, kowanne da 'yar gadar dutse a tsakani, da ginshiƙai a zube, da wata doguwar hanya da aka shimfiɗe da duwatsu ta shige cikin kurmi. Ko zanen fure ɗaya babu a jikinsu. An ce sufaye masu sa tsumma ne suka zauna a wurin tun zamanin sarakuna. Mu dai itace muke zuwa yi, birai kuma su yi mana kashi a ka. Rabin matakalar gidajen garinmu daga can kakanninmu suka jawo ta.

Wata safiya Yasohami ta hau yin itace, ta tarar giwa ta ture wata bishiya a can ƙarshen kangon, saiwar ta ɗago ƙasa. A ƙarƙashi ga wani faffaɗan dutse. Ta sa hannu ta share shi. An sassaƙa fada a jikinsa, da bene da matakala da ƙananan tagogi, aikin da ba a taɓa ganin irinsa a duk dutsen ba. A gaban fadar akwai tudu biyu masu siffar tafin ƙafa, a tsakaninsu ɗan kwari kamar tasa, da siririn kwararo da ya kai ga wani rami. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan, in ya ga tafin ƙafa biyu a kan dutse, ya san na wane ne. Ta durƙusa ta ɗora goshinta. Sannan ta kwance gorar ruwanta don ta wanke sawun Buda, wanda muke bin addininsa, ruwan ya gangara cikin ramin, ta ji yana tafiya ƙut, ƙut, ƙut, kamar maƙogwaron yaro. Ta juye gorar duka, ramin bai cika ba.

Ta dawo gida ba ko sanda ɗaya ta itace, ta kama hannuna. Ta ce, "Nangi, tana sha. Na ji da kunnena, tana sha."

Daga ranar, kullum safiya sai ta cika tulu a tafki, ta ɗora a ƙugu, ta hau dutsen. Rani da damina, da lafiya da ciwon baya. Ukkubanda ya yi faɗa ya gaji, ya ce in dutse ne mijinta to dutsen ya riƙa kawo cefane. Ita dai ta ci gaba da hawanta. Da ya mutu, washegarin binne shi ma sai da ta hau. Kullum maganarta ɗaya ce, ramin bai cika ba tukuna, yarinyar ba ta ƙoshi ba.

Da farko dariya aka yi mata. Sai ɗan Podinona, matar Kiribanda mai shago, ya kamu da tarin shiƙa. Podinona ta hau da shi a ɓoye, ta toshe ramin da ganye, ta tara ruwa a kwarin ta ɗura masa. Tarin ya gama kwanakinsa ya tafi, kamar yadda tari yake yi, amma sai labari ya bazu. Kafin shekara ta zagayo Kiribanda, wanda kuma shi ne shugaban kwamitin haikali, ya kafa rumfar kwano a kan dutsen, ya buɗe tebur a gindin hawa yana sayar da man fitila da turaren tsinke da furanni. Ranar cikar wata sai ka ga masu fararen kaya a jere tun daga ƙasa har sama. Masu ciki su sha, 'yan makaranta su shafa a ka kafin jarrabawa, amarya da ango su ɗora goshi a tafin ƙafar. Ni nan da nake ba ka labari, duk cikin da na yi sai da na sha ruwan a ƙoƙon kwakwa, har ina lashe baki ina cewa ya fi na rijiya garɗi. 'Ya'yana kuwa da yatsa na riƙa dangwalowa ina sa musu a harshe.

Yasohami ba ta taɓa kiran kowa ba, ba ta taɓa cewa ruwan magani ne ba. Shara take yi, ta kwashe busassun furanni, ta jira a watse, ta zare ganyen da suka toshe ramin, ta karkata kunne ta zuba wa 'yarta. Haka gashinta ya yi fari a kan dutsen nan.

Hamuduruwo sau ɗaya ya taɓa hawa. Ya tsaya da lemarsa yana huci, ya dubi dutsen, ya daɗe yana dubansa. Ya yi gyaran murya ya ce share tsohon wuri akwai lada, ya juya ya sauka. Bai rusuna ba, bai kuma sake komawa ba. A lokacin mun ce ƙiba ce ta hana shi.

Ana nan sai ga ma'aikatan kayan tarihi da igiyoyinsu da ƙananan tsintsiyoyi, suna awon kangon. Shugabansu wani siririn saurayi ne mai tabarau, muna ce masa Mahattaya, wato Yallaɓai. Da ya iso rumfar ya ga mata a durƙushe, sai ya cire takalmi. Ya nemi ya keɓe da Kiribanda, amma Kiribanda mutum ne da ba ya jin magana sai tasa. Shi lissafinsa, in masani ya yabi wurin a gaban jama'a, hukuma za ta zuba kwalta har ƙofar shagonsa. Ranar cikar wata ya ɗauko lasifika ya ɗaura a bishiya.

"Mahattaya zai ba mu tarihin sawun nan namu mai albarka!"

"A yi haƙuri, gara mu yi maganar nan daga baya," in ji saurayin.

"Haba Mahattaya, ka ji kunyar wa? Nan duk iyayenka ne. Faɗi a ji har ƙauyen hayi, su san mun fi su!"

Ya cusa masa abin magana a hannu. Saurayin ya goge gumi, ya fara. Ya ce sufayen da suka zauna a nan sun baro manyan gidajen sufaye na birni ne saboda sun ga sarakuna sun cika su da zinariya da abinci mai maiƙo. Tsumman da aka yar a maƙabarta suke wankewa su ɗinka su sa. Shi ya sa ba su yarda a yi wa ɗakunansu ado ko kaɗan ba. Wuri ɗaya tak suka sa aka sassaƙa fada da bene, don su nuna abin da fada ta cancanta a wurinsu. Sannan ya ce tudun nan biyu ba sawun Buda ba ne, wurin ɗora ƙafa ne in an tsuguna. Nan ne wurin fitsarinsu.

Lasifikar ta kai maganar har gindin dutse. Podinona a lokacin bakinta cike yake da ruwan, kumatu a kumbure. Ta fesar da shi a bayan wadda ke gabanta. Wata mai ciki ta juya ta amayar da shinkafa da madarar kwakwar da ta karya da ita, daidai kan furanni. Daga nan amai ya zama kamar hamma, wannan ta yi waccan ta ɗauka. Ni ma ba zan yi maka ƙarya ba, na ruga bayan ginshiƙi na yi har sai da na ga ɗaci. Na tuna garɗin nan da nake yabo, na tuna yatsana a bakin jaririna, na ji kamar in cire harshena in wanke shi da toka.

Wasu suka ce ƙarya ce, yaron birni ne bai san komai ba. Da ma'aikatan suka ɗaga dutsen bayan 'yan kwanaki, sai ga manyan tukwane a ƙarƙashi, ɗaya kan ɗaya, kowacce da huda a gindi, wannan da yashi, wannan da gawayi, wannan da farar ƙasa. Wai har fitsarin nasu sai sun tace shi don kada ya kashe tsutsotsin ƙasa. Ƙut ƙut ɗin da Yasohami take ji, ruwa ne yake sauka daga tukunya zuwa tukunya.

Ƙyamar dutsen ta yi mini mako guda ta wuce, domin in ka duba, ruwan sama na shekaru aru-aru ya wanke shi, Yasohami ma ta wanke shi fiye da yadda muke wanke kwanukanmu. Wadda ba ta wuce ba har yau ita ce ƙyamar mutanen garinmu. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na tsohuwa. Suka sa mata suna Mai Makewayi. In ta zo tafki sai mata su janye tulunansu. Aka cire ta daga masu kai abinci haikali, wai hannunta bai dace ba.

Na tarar da Podinona a wurin wanki tana ɗaga murya. "Shekara da shekaru tsohuwar nan tana shayar da mu fitsarin tsofaffi! Da gangan ta yi, baƙin cikin ita ba ta da ɗa ne."

Na ajiye kayana. Na ce, "Ke Podinona, wa ya matse miki hanci ya ɗura miki? Wa ya fara toshe ramin da ganye, ita ko ke? Rufin kwanon da ke kan gidanki, daga ina ya fito in ba daga turaren makewayin ba?"

"Ji mai kare ta! Ai ke kika fi kowa sha, har da lashe baki."

"Na sha, na kuma amayar. Ke fa, yaushe mijinki zai amayar da nasa?"

Saura kaɗan mu cakumi juna a cikin ruwa. Amma wanda ya fi ba ni ƙyama shi ne Hamuduruwo. A wa'azin cikar wata na gaba ya kaɗa mafici ya ce shi dama tun ranar da ya hau ya gane ko mene ne dutsen, domin ya ga irinsa a littafi tun yana ɗalibi, sai dai bai so ya karya wa masu imani zuciya ba. Ya faɗi haka yana murmushi, jama'a suna cewa sadu, sadu, wato amin ɗinmu. Wato ya sani. Yana zaune yana karɓar rabin furanni da man da ake hawa da su, yana kallon muna ɗura wa jarirai, ya bar matar nan ta tsufa da tulu a ƙugu. Na tashi na fita ban jira ƙarshen wa'azin ba.

Ita Yasohami duk wannan bai shiga kunnenta ba. Sunan da aka sa mata bai dame ta ba, janye tulu bai dame ta ba. Ta sami saurayin nan yana tattara igiyoyinsa, ta tsaya nesa kaɗan ta haɗa hannuwa.

"Mahattaya, ruwan da nake zubawa, ina yake zuwa?"

"Cikin tukwanen, Amme."

"Daga tukwanen fa?"

"Sai ƙasa ta shanye."

Ta jira ko akwai saura. Babu saura. Saurayin ya sunkuyar da kai, ita kuma ta gode masa ta sauko.

Aka mayar da dutsen mazauninsa, aka kewaye shi da waya, aka kafa allo mai bayani da mai gadi. Sai ga 'yan birni suna zuwa a motoci don su ga makewayin sufaye, su tsuguna a bakin wayar suna ƙyaƙyata dariya ana ɗaukarsu hoto. Kiribanda ko kunya, ya kwashe turare ya jera lemon kwalba, ya ce ai shi tun farko ya san wurin nan zai yi suna. Yasohami ta hau da tulunta kamar kullum, mai gadi ya ce an hana zuba komai. Ta koma washegari, ya sake kora ta. A rana ta uku ta ɗauki tulun cike ta ajiye shi bayan ƙofa, daidai inda ta ɓoye shi ranar zazzaɓi. 

Kwamitin haikali kuwa sai suka ga ya kamata a wanke wa gari kunya. Suka yanke a yi wa Ranmenika sadaka ta gaskiya a haikali, yadda littafi ya ce, don a gyara ɓarnar tsohuwa. Podinona ta ce a gidanta za a yi girkin, kada Mai Makewayi ta taɓa ko ludayi. Aka ba ni farin zane na ɗaura wa Yasohami, na riƙo ta muka je. Hamuduruwo ya ci shinkafa da miya kala-kala, ya ci nono da zumar dabino, ya yi gyatsa, ya wanke hannu. Aka ajiye buta da ɗan kofi a kan faranti a gabanta. Ya fara karatu, na tallafi gwiwar hannunta, ta karkata butar.

Kofin bai fi tafin hannu ba. Kafin ka ƙifta ido ya cika ya tumbatsa. Jama'a suka ɗaga hannu, sadu, sadu, sadu. Hamuduruwo ya ce yanzu ne ladan ya isa ga yarinyar. Kiribanda yana gyaɗa kai kamar wanda ya biya wa wani sadaki, matan suna kallon juna fuska a sake, an gyara tsohuwa.

Ita kuwa ba ta daina zubawa ba. Ta karkata kunnenta kusa da kofin tana saurare. Faranti ya cika, ruwa ya malala kan tabarma, ya nufi Hamuduruwo, ya yi maza ya tattare mayafinsa. Wani yaro ya yi dariya. Sai da butar ta ƙare ƙaf, ta girgiza ta, sannan ta juyo ta dube ni.

"Nangi, ba ta sha ba."

"Ta sha, Akka. Haka ake yi. Tumbatsar ita ce alamar."

"Ga shi nan duk a ƙasa. Ko ƙut ɗaya ban ji ba. Ta ƙi karɓa a hannuna."

Ba ta sake hawa dutsen ba, ba ta sake zuwa haikali ba. Ba a kai ga yankan tamba ba ta kwanta, na dawo da ita ɗakina. Ba wani babban ciwo ba ne, ɗan zazzaɓi ne da yanzu allura ɗaya take korarsa, ma'aikaciyar asibiti ma ta ce a dai riƙa ba ta ruwa da yawa. Na ɗebo a ƙoƙon kwakwa na kai bakinta. Leɓenta ya tsattsage, idonta yana kan ruwan, na ga maƙogwaronta yana motsi. Sai ta datse baki, ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin jikinta.

Na roƙe ta, na zage ta, na yi kuka. Ta ce, "Ita ba ta sha ba, ni ce zan sha?"

Ƙoƙon yana hannuna cike lokacin da ta cika. Podinona ce ta fara shigowa gaisuwa, ta zauna tana fifita, ta ce hanya ta ba ta ƙishi, ko akwai ɗan ruwa.